Sabo Turken Wawa: Yadda Jiki da Ƙwaƙwalwa Suke Koyon Shaye-shaye

Gabatarwa

Wani malamin makarantar sakandare ya taɓa yi mini tambaya a wajen wani taron ƙara wa juna sani, kuma har yau tambayar tana yi mini yawo a zuciya. Ya ce yana da wani ɗalibi mai hazaƙa da ya faɗa shan maganin tari mai kodin. Iyayensa suka tura shi ƙauye wajen kawunsa, ya yi wata huɗu bai kurɓi ko cokali ɗaya ba. Ya murmure, hankalinsa ya dawo jikinsa, aka dawo da shi gida ana ta murna. Bai cika mako biyu ba ya koma gidan jiya. Malamin ya dube ni ya ce: "Dakta, in a jini abin yake, ai wata huɗu ya isa ya fita. To, a ina ya ɓuya?"

Tambayar nan ba yaro ɗaya ta shafa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya mai sa maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Daga cikinsu, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe raɗaɗi dangin tiramadol ba tare da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Amsar tambayar malamin tana cikin wani darasi da ɗaliban jami'a masu nazarin halayyar ɗan Adam suke yi tun a shekarunsu na farko, wato darasin koyo da ɗabi'a. A wajen masana wannan fanni, koyo bai tsaya ga karatun aji ba. Duk wani sauyi mai ɗorewa da ya shiga ɗabi'ar mutum ko dabba saboda abin da ya taɓa faruwa da shi, koyo ne. Idan muka ɗauki wannan ma'ana, za mu ga cewa ƙwaya takan bar jini cikin 'yan kwanaki, amma darasin da ta koya wa ƙwaƙwalwa yakan zauna shekaru. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan darasi yake shiga, da abin da saninsa zai amfane mu.

Karnukan Pavlov

Ivan Pavlov (1849 zuwa 1936) masanin aikin sassan jiki ne ɗan ƙasar Rasha. Bincikensa na farko a kan yadda ciki yake narkar da abinci ne, kuma a kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Yakan yi wa kare 'yar tiyata a kumatu, ya maƙala siririn bututu, ta yadda miyau zai riƙa ɗiga cikin kwalba mai awo a ƙirga shi. Ana cikin wannan aiki sai ya lura cewa karnukan da suka daɗe a ɗakin gwaje-gwaje sukan fara dalalar da miyau tun kafin abinci ya shiga bakinsu. Ganin kwano ko jin takun mai kawo abinci ya ishe su.

Pavlov ya ɗauki wannan ɗan ƙaramin al'amari ya yi shekaru fiye da 30 yana nazarinsa. An fi yayata cewa ƙararrawa yake kaɗawa, alhali ya fi amfani da wata na'ura mai bugawa ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, da fitila, da taɓa fatar kare. Sai ya kunna na'urar, bayan ɗan lokaci kaɗan ya ba kare garin nama. Da farko ƙarar ba ta sa miyau ko ɗigo. Bayan an haɗa su sau da yawa, sai ƙarar kaɗai ta riƙa kawo miyau. Wannan shi muke kira koyo ta hanyar alaƙantawa: wani abu da ba shi da ma'ana a da ya zama alama, jiki kuma ya fara shiri da zarar ya ga alamar. Kowane ɗalibi ya san yadda cikinsa yake fara ƙugi da an kaɗa ƙararrawar tashi tara. Babu wanda ya zauna ya koya masa haka, kuma ba da nufinsa yake yi ba.

Akwai wani gwaji a cikin littafin Pavlov da aka buga da Ingilishi a 1927 wanda ya shafe mu kai tsaye. Idan aka yi wa kare allurar mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi da ake samu daga furen ofiyam, sai zuciyarsa ta tashi, ya yi dalala, ya yi amai, daga bisani ya yi barci. Bayan an yi haka kwana biyar ko shida, sai karnukan suka fara dalala da amai tun ana shirin allurar, da ganin an buɗe akwatin sirinji. Ashe ƙwaya ma tana iya tsayawa a matsayin garin nama, duk abin da ke kewaye da ita kuma ya zama alama.

Akwatin Skinner

Hanya ta biyu ta koyo ita ce koyo ta hanyar sakamako. A 1898 wani Ba'amurke mai suna Edward Thorndike ya riƙa rufe kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Kyanwar takan yi ta yaƙushi har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa dace. Kullum aka sake mayar da ita, sai lokacin da take ɗauka kafin ta fita ya ragu. Thorndike ya yanke cewa duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, mai yinsa zai fi sake yinsa.

B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya faɗaɗa wannan bincike tun daga shekarun 1930. Ya ƙera akwati mai ɗan ƙarfe a jikin bango, wanda in ɓera ya danna shi sai ƙwayar abinci ta faɗo. Daga wannan akwati aka fahimci ƙa'idoji uku da ya kamata mai karatu ya riƙe.

Ta farko, aiki yana ƙarfafa idan ya kawo abin da ake so. Ta biyu, yana kuma ƙarfafa idan ya kawar da abin da ake ƙi, kamar yadda mai ciwon kai yake saurin komawa ga maganin da ya taɓa ba shi sauƙi. Ta uku, sakamakon da ya zo nan take ya fi wanda ya jinkirta tasiri, ko da na bayan ya fi girma nesa ba kusa ba.

Yanzu sai mu auna shaye-shaye da waɗannan ƙa'idoji. Da farko mutum yakan sha ne don nishaɗi, ko don ya samu karɓuwa a cikin abokai, ko don ya jure aikin ƙarfi, kamar yadda ake gani ga wasu leburori da 'yan acaɓa masu haɗiyar tiramadol. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko. Idan tafiya ta yi nisa, sai ya zama in bai sha ba jikinsa ya yi ta ciwo, ga hamma, ga zufa, ga gudawa, ga rashin barci. Yanzu yana sha ne don ya kore wannan azaba, ya shiga ƙa'ida ta biyu ke nan. Ita kuwa ta uku, ita ce take bayyana dalilin da nasiha take shan kaye. Sauƙin da ƙwaya take kawowa yana zuwa cikin mintuna, faɗuwa jarrabawa kuwa sai ƙarshen zango, lalacewar hanta ko ƙoda sai bayan shekaru.

Mu ɗauki sigari mu yi lissafi. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙi hayaƙi. Mai shan kara 20 a yini, idan yana zuƙar kowane kara sau 10, ya maimaita darasin sau 200 ke nan kullum, wato sau 73,000 a shekara. Babu wata hadda da ɗalibi yake maimaitawa haka.

A 1962 wani mai bincike a Amurka, James Weeks, ya sauya akwatin Skinner, ya sa siririn bututu a jijiyar ɓera, ta yadda in ya danna ƙarfen sai mofin ta shiga jininsa. Ɓerayen suka koyi yi wa kansu allura. Bincike na baya ya nuna cewa kusan duk ƙwayar da mutane suke kamuwa da ita, dabbobi ma sukan yi aiki don su same ta. Ɓera bai kalli fim ba, bai yi abokan banza ba. Wannan ya nuna cewa tarkon yana cikin ginin ƙwaƙwalwa ne, kuma ginin nan mu da ɓera mun yi tarayya a cikinsa.

Abin da ke Faruwa a Cikin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. A 1954, a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal na Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka bar shi ya riƙa aika wa kansa ɗan ƙaramin lantarki ta hanyar danna ƙarfe. Idan wayar ta faɗa a wasu wurare, ɓeran yakan danna fiye da sau dubu a awa guda. Daga baya aka gano cewa akwai wata hanyar jijiyoyi a wannan yanki da take aiki da sinadarin dofamin, kuma ita ce take motsawa idan dabba ta samu abinci, ko ruwa, ko abokin barbara. A 1988 wasu masana biyu a Italiya, Di Chiara da Imperato, suka nuna cewa mofin, da koken, da nikotin, da giya, duk suna ƙara yawan dofamin a wannan hanya, ko da yake kowannensu da ƙofar da yake shigowa.

An daɗe ana kiran dofamin sinadarin jin daɗi, amma binciken Wolfram Schultz a Suwizalan cikin shekarun 1990 ya gyara wannan fahimta. Schultz ya riƙa auna motsin ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar biri. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato, ƙwayoyin sukan motsa da ƙarfi. Idan aka saba kunna fitila kafin a ba shi, sai motsin ya tashi daga kan ruwan ya koma kan fitilar. Idan kuma aka kunna fitilar aka hana shi ruwan, sai motsin ya faɗi ƙasa da yadda yake a da, daidai lokacin da ya sa rai. Ma'ana, dofamin tamkar malami ne mai jan layi a ƙarƙashin abin da yake so a haddace. Yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa wannan abu ya fi yadda aka zata, a riƙe inda aka same shi, da wanda aka same shi tare da shi, da lokacin da aka same shi. Abinci yana sa a ja layin nan da alƙalami. Ƙwaya kuwa, tun da yake kai tsaye take tunzura sinadarin, da gawayi take jansa, ta kuma sake ja kullum.

Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan sun ƙara wani bayani a 1993. Sun nuna cewa son abu da jin daɗinsa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. A wajen wanda ya daɗe yana shaye-shaye, ƙawar ƙwaya tana ƙaruwa, daɗinta kuwa yana raguwa. Shi ya sa za ka ji ɗan shaye-shaye yana rantsuwa cewa abin ya fita ransa, gobe kuma a gan shi yana nema. Sau da yawa ba ƙarya ya yi ba.

Ɗalibai su lura da abu guda. Sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda yake auna gobe ya taka wa zuciya burki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Hanyar dofamin kuwa tuni take aiki gadan-gadan tun lokacin balaga. Saboda haka wanda ya fara shaye-shaye yana ɗan sakandare ya fi wanda ya fara da girmansa haɗarin kamuwa.

Jiki Yana Shirin Tarbar Ƙwaya

Sananne ne cewa mai shan ƙwaya yakan riƙa ƙara yawanta kafin ya ji abin da yake ji a da. Wannan shi ake kira juriya. Jikin ɗan Adam yana son daidaito: in zafi ya yi yawa ya yi gumi, in sukari ya hau ya sauko da shi. Haka kuma in ƙwaya ta rage bugun zuciya da numfashi da jin zafi, jiki yakan tura su sama don ya daidaita. Wani ɓangare na juriya yana faruwa a hanta da cikin ƙwayoyin jijiya. Amma Shepard Siegel na Jami'ar McMaster da ke Kanada ya nuna cewa wani ɓangare mai girma koyonsa ake yi, irin koyon karnukan Pavlov.

A 1975 Siegel ya riƙa yi wa ɓeraye allurar mofin a ɗaki guda, yana auna jin zafinsu ta hanyar ɗora su a kan faranti mai zafi ya ga lokacin da za su ɗauka kafin su lashi ƙafarsu. Bayan 'yan allurai, mofin ta daina hana su jin zafi, juriya ta samu ke nan. Da aka yi musu allurar a wani ɗaki dabam, sai ta sake kama su kamar yau suka fara. Da aka yi musu allurar ruwan gishiri a ɗakin da suka saba, sai suka fi ɓera lafiyayye saurin jin zafi. Bayanin shi ne, ɗakin ya zama alama. Da ganinsa jiki yake fara tura kansa kishiyar abin da mofin za ta yi, tun kafin ta iso.

A 1982 Siegel da abokan aikinsa suka yi gwajin da ya fi wannan tayar da hankali. Suka saba wa ɓeraye da hiroyin, suna ƙara yawanta sannu a hankali har tsawon wata guda, kullum a ɗaki guda. Ranar ƙarshe aka ba su mai yawan gaske, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɓerayen da ba su taɓa samun hiroyin ba, kashi 96 cikin ɗari suka mutu. Waɗanda aka ba su a ɗakin da suka saba, kashi 32 suka mutu. Waɗanda kuwa suka saba da ita daidai da na biyun, amma aka ba su a ɗakin da ba su saba samunta ba, kashi 64 suka mutu. Ƙwaya ɗaya, awo ɗaya, tarihi ɗaya, sauya ɗaki kawai ya ninka mutuwa.

Darussa biyu ne a nan. Na ɗaya, idan alama ta bayyana ƙwaya ba ta zo ba, shirin da jiki ya yi ba ya samun abin da zai ci karo da shi, sai mutum ya ji shi a matsayin ƙawa, da rashin natsuwa, da ciwon jiki. Lungun da aka saba zama, da kangon bayan makaranta, da fuskar aboki, da kwalbar lemo da ake zuba maganin tari a ciki, har da lokacin bayan sallar magariba, duk suna iya zama irin na'urar Pavlov. Ɓacin rai da kaɗaici ma alamu ne, sai dai su daga ciki suke tasowa. Na biyu, juriya tana raguwa idan aka daina sha. Wanda ya bari na wasu makonni, sa'an nan ya koma kan tsohon awonsa, yana cikin babban haɗari, domin kodin da tiramadol da hiroyin suna danne cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan fursunonin da aka saki a Jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a cikin mako biyu na farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Darasi Daga Sojojin Biyetnam

A lokacin yaƙin Biyetnam hiroyin ta yi arha a wuraren da sojojin Amurka suke. Gwamnatin Amurka ta tsorata cewa dubban 'yan ƙwaya za su kwararo gida, sai ta sa Lee Robins, wata masaniya ta Jami'ar Washinton da ke birnin St. Louis, ta bi sawun sojoji kusan 900 daga cikin waɗanda suka koma gida a watan Satumba na 1971. Ta gano cewa kimanin ɗaya cikin biyar na sojojin sun kamu a can. Abin mamaki, daga cikin waɗanda suka kamu, kashi 5 cikin ɗari kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 kuma a cikin shekara uku. A wancan lokaci, mafi yawan waɗanda ake yi wa magani a asibitocin Amurka sukan koma cikin 'yan watanni.

Dalilan suna da yawa. A gida ƙwayar ta fi tsada, ta fi wuyar samu, fargabar yaƙi ta wuce, ga iyali, ga aiki. Amma mai nazarin koyo zai ƙara da cewa sojan ya baro alamunsa gaba ɗaya a wata nahiya. Shi kuwa wanda aka sallama daga asibiti, unguwar da ya koyi darasin ita ce yake komawa.

Dusashewa ba Gogewa ba ce

Pavlov ya gano cewa in aka yi ta kunna na'urar ba a kawo nama, miyau yakan ragu har ya tsaya. Wannan ita ce dusashewa. Amma in aka huta kwana ɗaya ko biyu aka sake kunnawa, sai miyau ya dawo. Mark Bouton na Jami'ar Vermont ya nuna kuma cewa in dabba ta koyi abu a ɗaki na ɗaya, aka dusasar da shi a ɗaki na biyu, da an mayar da ita ɗaki na ɗaya sai tsohon hali ya farfaɗo. Dusashewa sabon rubutu ne da aka ɗora a kan tsoho, kuma sabon ya fi maƙalewa a wurin da aka koye shi.

Ga amsar tambayar malamin nan ke nan. Wata huɗun da yaron ya yi a ƙauye ya wanke jininsa, amma bai taɓa darasin da ya koya a unguwarsu ba, domin a ƙauye babu ko ɗaya daga cikin alamun. Ranar da ya dawo ya tarar da su suna jiransa yadda ya bar su. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kimiyya ta gaskata rabin maganar, wato turken. Sai dai wannan turke yana ɗaure mai wayo kamar yadda yake ɗaure wawa.

Ya kamata a faɗi cewa koyo ba shi ne dukan labarin ba. Masana sun kiyasta cewa gado yana da hannu a kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na haɗarin kamuwa. Talauci, da rashin aikin yi, da rikicin gida, da cutar damuwa, duk suna buɗe ƙofa. Amma ko ta wace ƙofa aka shigo, ta hanyar koyo ne halin yake kafuwa.

Amfanin Wannan Sani

Da farko, rigakafi ya fi magani, kuma darasin da ba a fara ba shi ya fi sauƙin mantawa. Kowace shekara da yaro ya ƙara bai fara ba, riba ce.

Na biyu, wanda ya daina yana bukatar a sauya masa abin da za a iya sauyawa: hanyar da yake bi, da majalisar da yake zama, da lokacin da yake zaman banza. Abin da ba ya sauyuwa kuwa, sai a taimake shi ya gane shi, ya tanadi abin da zai yi in ƙawa ta taso, domin takan hau ne ta sauka idan aka yi haƙuri ba a biya mata ba.

Na uku, a yi amfani da ƙa'idar Skinner ta hanyar alheri. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins, shi ma a Jami'ar Vermont, ya riƙa ba masu shan koken takardar sayen kaya duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya nuna ba su sha ba, kuma darajarta tana ƙaruwa in suka ɗore. Wannan hanya ta zama ɗaya daga cikin mafi inganci da aka gwada. Ladan da ya zo da wuri, ko yabo ne, ko amana, ko koyon sana'a, ko wasan ƙwallo, ya fi duka da ɗaurin mari, waɗanda suke ƙara wahalar da ƙwaya ta saba kawarwa.

Na huɗu, komawa bayan an daina ba alamar cewa magani ya ɓaci ba ce, abu ne da ake tsammani a kuma yi masa shiri. A nemi likita, musamman ga mai shan giya da yawa ko ƙwayoyin barci irin su Valium, domin daina su farat ɗaya yana iya kawo jijjiga har da mutuwa. Idan kuma aka tarar da wani ya sha ƙwaya ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ɗigon baƙin idonsa ya tsuke, to a kwantar da shi a gefe guda, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti. Akwai allurar naloksan da take karya ƙarfin dangin mofin cikin mintuna kaɗan.

Gwaji Domin Aji

Malami ya ba kowane ɗalibi yankin lemon tsami. Duk lokacin da ya buga tebur, ɗalibai su lasa. A yi haka sau 20, ana barin kamar daƙiƙa 15 a tsakani. Sa'an nan ya buga tebur ya ce kada a lasa, ya tambayi waɗanda miyau ya taru a bakinsu. Ya ci gaba da bugawa ba lasa har abin ya dusashe. Washegari ya buga tebur ba zato, a ƙirga waɗanda abin ya dawo musu.

Kammalawa

Mun ga cewa shaye-shaye yana kafuwa ta hanyoyi biyu na koyo, alaƙantawa da sakamako, kuma dofamin ne yake tabbatar da darasin. Mun ga cewa wuri da abokai da lokaci suna shiga cikin jiki su zama ɓangare na cutar. Ga ɗalibi, wannan yana nufin cewa "bari in gwada sau ɗaya" shi ne shafin farko na littafin da ƙwaƙwalwa ba ta iya yagewa. Ga malami da iyaye kuwa, yana nufin cewa ranar da yaro ya dawo gida ita ce ranar da aiki ya fara.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Bambanta tsakanin koyo ta hanyar alaƙantawa da koyo ta hanyar sakamako, tare da misali ɗaya-ɗaya daga rayuwar makaranta.
2. Me ya sa ɓerayen da aka sauya wa ɗaki suka fi mutuwa a gwajin 1982?
3. Kawo alamu biyar da za su iya tayar da ƙawa ga wanda ya daina shan sigari.
4. Wace shawara za ka ba iyayen yaron da aka ambata a gabatarwa, tun kafin su dawo da shi gida?